Hedimastan da Ya Rubuta Miya

Ku da kuka zauna a ajinsa kun fi ni sanin bulalarsa, amma ni jikansa na fi ku sanin aljihunsa. Duk wanda ya taɓa haɗa kafaɗa da Malam Sa'idu Hedimasta a sahun salla, ko ya matsu da shi a motar Ɗanbatta ranar kasuwa, ya san hanci kan riga ido gane shi. A aljihunsa na dama akwai wani ɗan gwangwani mai murfi, fentinsa duk ya goge saboda shafa. Tsofaffi sa'o'insa, wani goro yake yawo da shi, wani turare. Shi kuwa daddawa.

In aka ajiye masa abinci, a gidan suna ne ko ɗaurin aure, ba ya sa hannu sai ya ɗaga kwanon miya ya kai hanci. Sai ya lumshe ido kamar alƙali na sauraron shaida. In ya ce, "Madalla, wannan 'yar gida ce," to mai girki ta tsira. In kuwa ya yi shiru ya zura hannu aljihu, shi ke nan, hukunci ya fito. Sai ka ji ƙwas! an buɗe gwangwani. Ya gutsuro, ya murtsuke da yatsu, ya barbaɗa a miyar mutane a gaban mai gida, ko kunyar ido babu. Ya juya, ya lasa, ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Yanzu ta ji Hausa."

Karatun da ke biyo baya kuwa na san babu wanda bai haddace ba a cikinku: "Harshe ɗaya Allah ya sa mana a baki. Shi ke lasar miya, shi ke magana. Ran da ya manta ɗaya, to ɗayar ma tana kan hanya." Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa, har da lumshe idon.

Babban abokin gabarsa a wannan yaƙi shi ne babban amininsa, Alhaji Ɗanjuma mai shago. Tare suka yi kiwon awaki, tare aka kai su makarantar allo. Laifin Alhaji Ɗanjuma ɗaya ne: shi ke sayar wa matan garinmu dunƙulen miya na kanti, wanda Malam ya raɗa wa suna "sabulun miya". Kullum bayan la'asar suna tabarma ɗaya a ƙofar shagon, kullum kuma faɗan ɗaya ne.

Labarin shekarar da suka je aikin hajji tare, daga bakin Alhaji Ɗanjuma muka ji shi, yana faɗa yana riƙe ciki. Wai a wajen binciken kaya na filin jirgin Kano wani jami'i mai ladabi ya ce kowa ya fito da abin da ke aljihunsa. Malam ya ajiye carbi, ya ajiye tabarau, ya ajiye gwangwani. Jami'in ya buɗe murfi, sai ya ja da baya taku biyu.

"Subhanallahi! Baba, mene ne wannan?"

"Fasfo ne."

"Baba, ai ga fasfonka nan a hannuna."

"Wancan na gwamnati ne, ɗana. Shi ke faɗin inda na fito. Wannan shi ke faɗin ko ni wane ne."

Jami'in ya kalli gwangwani, ya kalli tsoho. Ya sake kai hanci, wannan karon a hankali. Sai ya ce, "Wallahi, Baba, sai na tuna ɗakin kakata." Ya mayar da murfi ya miƙa masa da hannu biyu.

Malam ya waiwayo ya dubi amininsa. "Ka gani, Ɗanjuma? An buga min biza."

Tun daga jirgi alhazai ke yi masa tsiya, wai mutum za shi ƙasa mai tsarki yana ɗauke da kuka da garin dawa kamar mai gudun yunwa. Aka yi kwana goma ana cin shinkafa da kaza, in an gaji a ci kaza da shinkafa. Ran na goma sha ɗaya Malam ya kwance jakarsa, ya samu wata dattijuwa 'yar Gezawa ya danƙa mata kayan, ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka. Tabɗi! Ƙamshi ya bi benen masaukinsu hawa-hawa. Kafin a kwashe, ga layin alhazai kowa da kwanonsa. Can a ƙarshen layi ga wani ya rufe fuska da hirami.

"Wa nake gani kamar mai sabulu?"

"Sa'idu, don girman wurin nan ka rufa min asiri."

"Zan rufa. Amma sai ka faɗa a gaban shaidu. Ka tuba?"

"Na tuba."

"Har abada?"

"Haba, Sa'idu, a nan ba a ƙarya. Na tuba zuwa ran da jirgi zai sauka Kano."

Da suka dawo ma, kun tuna, bai yarda a kira shi Alhaji ba. Ya ce "Malam" shekara talatin ya yi yana nemansa da alli a hannu, ba zai musanya shi da na wata ɗaya ba.

Maganar littafi kuwa bayan ya yi ritaya ta taso. Wata rana ya tashi da kwaɗayin gauda, irin wadda ake naɗe ƙullun wake a ganyen kargo a dafa. Kakarmu Iya Abu ta ce ita ba ta taɓa koya ba, don Gwaggo Dije ce ke yi wa duk unguwa, ga shi an binne ta bara. Malam ya aika gida-gida. Aka rasa mai yi. Wata amarya ma cewa ta yi, "Gauda? Ba sunan gari ba ne?"

Washegari ya hau kekensa ya tafi Ɗanbatta, ya dawo da littattafan rubutu na 'yan makaranta ɗaure a bayan keke, da biro uku. Daga nan ya shiga bin ƙauyuka, yau gabas gobe yamma, har cikin rugagen wajen Kunci. Ya isa gida ya yi sallama, ya ce a kira masa tsohuwar da ta fi kowa tsufa. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya gyara tabarau, ya fara jarrabawa.

Na taɓa raka shi wurin wata Iya Tabawa, wadda aka ce babu mai kama ƙafarta a miyar yakuwa.

"Iya, kanwa nawa ake sakawa?"

"Daidai."

"Daidai da me?"

"Daidai da miyar mana."

"To in miyar da yawa fa?"

"Sai ka ƙara."

"Nawa zan ƙara?"

"Daidai." Ta tsaya ta ƙare masa kallo. "Wai ba kai ne aka ce ka koyar da yaran ƙasar nan kaf ba? Daidai ɗin ne ba ka sani ba?"

Na zaci zai yi fushi. Ina! Sunkuyawa ya yi ya rubuta, ina kallo: "Kanwa: daidai. Wanda bai san daidai ba, ya je ya tambayi uwarsa."

Ba abinci kaɗai yake rubutawa ba. Kalmomin yake farauta. In tsohuwa ta furta wata kalma da bai taɓa ji ba, sunan wani ganye ko wani salon daka, sai ya ce, "Tsaya! Maimaita!" ya ja mata layi biyu a ƙasa kamar ya tsinci zinare. A saman kowane shafi kuma sai ya rubuta sunan tsohuwar da garinsu, ya ce ba ya cin haƙƙin malamansa.

A gida kuwa Iya Abu ta cika fam. Ran nan ta tare shi yana ɗaure littafi a keke.

"Malam, shekara arba'in kana cin tuwona ba ka taɓa tambayata yadda nake yi ba. Sai ka hau keke ka tafi Kunci wurin tsofaffin wasu?"

"Ke ai kina gida, Abu. Ba inda za ki."

"Haka ne? To tunda littafi ya iya, yau littafi ne da girki."

Ta kifa turmi ta zauna, ta harɗe hannu. Wani ne da ya ba da haƙuri. Amma kun san mutumin. Ya jingine keke, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya durƙusa gaban murhu. Kai, jama'a! Littafi a hagu, muciya a dama, hayaƙi ya rufe tabarau, yana karantawa da ƙarfi yana tari: "Idan ruwa ya tafasa, sai a yi talge." Ya juya shafi, shafi ya manne, tukunya ta yi bori ta kashe rabin wuta. Da aka kwashe tuwon, gudajin da ke ciki sun isa a yi harbin tsuntsu da su. Miyar kuwa ta rabu gida biyu, ruwa a sama, kuka a ƙasa, kamar masu gaba.

Ya zauna ya sa hannu. Loma ɗaya, loma biyu, fuskarsa ko gezau. Abin da ya rage aka zuba wa kaji, su ma sai da suka kewaye shi suna shawara.

Iya Abu ta ce, "Malam, yaya girkin littafi?"

"Rubutun daidai yake. Muciyar ce ba ta yi makaranta ba."

Amma da gari ya waye sai ga shi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar madafi, ya buɗe sabon littafi, ya tanƙwashe ƙafa. Iya Abu ta ce ba za ta buɗe baki ba sai ya kira ta Malama. Ya yi ta kakabi, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce, "Malama." Wata uku ta yi tana ba shi darasi, in ya yi kuskure ta ce, "Sake!" Littafi biyu cur nata ne.

A waje ne abin bai zo da daɗi ba. Da farko wasa ne. Alhaji Ɗanjuma in ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Ga uwar gida ta dawo daga Kunci! Sa'idu, saura a saya maka zane!" A kwashe da dariya. Amma sannu a hankali wasan ya yi tsami. Aka fara raɗe-raɗin wai tsufa ya taɓa kan Hedimasta. Wani dattijo ya same shi har gida ya ba shi shawara, in rubutu yake so ya rubuta abin da zai amfane shi a lahira, ya bar wa mata tukwanensu. Babban ɗansa ma, Baffa Lawan, ya ce ana nuna shi a kasuwa. Malam bai daina hawa keke ba, amma ya daina zama a ƙofar shago. Mutumin da bai taɓa fashin majalisa ba, sai ya idar da la'asar ya wuce gida kai tsaye. Mu da ke cikin gida mun san abin ya ci masa rai, ko da yake ko sau ɗaya bai faɗa ba.

Cikin wannan yanayi ne aka yi rigimar ɗorawa. Baffa Lawan ya karɓi noman gonar gado, ya yi hayar tarakta. Direba ya ce ɗorawar nan ta tsakiyar gona tana tare hanya, inuwarta kuma tana hana gero tashi. Baffa ya san in ya tambaya ba za a yarda ba, sai ya kira mai injin yankan itace a ɓoye. Da hantsi Malam ya ji kukan inji daga wajen gona. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya ɗauki buzu da buta, ya isa, ya ratsa tsakanin Baffa da mai injin, ya shimfiɗa buzunsa, ya jingina bayansa da gindin bishiyar.

Baffa ya ce, "Baba, don Allah ka tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Kai mai inji, fara da ni. Na fi ta taushi."

Mai injin ya ce, "Baba, ni aiki aka kira ni."

"Kakata ta tsinci kalwar bishiyar nan ta yi daddawa. Uwata ta yi. Matata tana yi. Ka gaishe ta tukuna kafin ka ɗora mata zarto?" Sai ya sauke tabarau kan karan hanci, ya ƙura masa ido. "Tsaya. Kai ba Audu ba ne, na bencin baya, kusa da taga?"

Ƙaton mutum, da gemu, sai ga shi ya cire hula. "Ni ne, Malam."

"Bakwai sau takwas?"

Audu ya kalli Baffa Lawan, Baffa ya kawar da kai. Ya kalli sama. Ya fara motsa yatsu.

"Hamsin da... huɗu?"

"Innalillahi! Wanda bai san bakwai sau takwas ba, shi zai sare min ɗorawa?"

Wallahi nan take Audu ya tattara kayansa. Ya saɓa injinsa, ya durƙusa ya ce, "A huta lafiya, Malam," ya hau babur. Audu, na san kana cikin masu karanta wannan, ka yafe min. Hamsin da shida ne.

Duk da haka Malam kwana uku ya yi yana wuni a gindin bishiyar, wai ko za a nemo wani wanda bai yi makarantarsa ba. Baffa Lawan ya haƙura, tarakta ta riƙa kewayewa. Har gobe in kun bi ta gonar za ku ga kunyoyinmu ne kaɗai ke da kwana a duk yankin.

To, sai ga tafiyata. Na samu gurbin ƙaro karatun aikin gona na wata goma a wata ƙasar Turai, na je yi masa sallama.

"Wace ƙasa ce?"

"Sulobeniya."

"Ina?"

"Sulobeniya, Tsoho."

"Habibu, shekara talatin ina koyar da taswirar duniya. Babu wannan ƙasa. An damfare ka."

Na yi masa bayani cewa a zamaninsa tana cikin Yugoslabiya, daga baya ta ɓalle ta zama ƙasa.

"Au! Ashe sulluɓewa ta yi. To ka ce min Sulluɓiya mana."

Har ya koma ga Allah haka yake kiranta.

A can an sauke ni gidan wata tsohuwa mai suna Mariya, wadda ta yi ritaya daga koyar da adabi. Mace mai kirki, tun ranar farko ta ware min tukunyata da ta ji ba na cin alade. Wata rana ta ce za ta yi min abincin manomansu na gargajiya. Ta dafa garin wani hatsi mai duhu, ta farfasa shi ya yi wara-wara, ta zuba madara mai tsami a kai. Na kalli kwanon, na ce, ikon Allah, wannan ai dambu ne da nono! Na ɗauki hoto na tura wa Baffa Lawan ya nuna masa. Ba a yi awa ɗaya ba amsa ta zo: Malam ya ce a haɗa shi da matar nan, ido da ido.

Ran Juma'a bayan an sauko muka yi kiran bidiyo. Sai ga Tsoho a babbar riga da hula zanna, ya zauna ƙiƙam kamar za a ɗauke shi hoton fasfo. Ni ne tafinta.

"Tambaye ta, yaya sunan abincin?"

Ta ce, "Jigantsi."

"Jigantsi? Kai, rabu da ita. Dambu ne ya je boko. Tambaye ta ko kakanninta sun taɓa kiwo ta wajen Kunci."

Mariya ta yi dariya har da buga tebur. Ni kuma, don in tsokane shi, sai na ba ta labarin littattafansa, yadda yake bin tsofaffi a keke, da yadda gari ya mai da shi abin dariya. Ina faɗa ina dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗauko wani littafi a kanta, ta zauna, ta ce in fassara masa a hankali.

Ta ce shekara ɗari biyu da ɗoriya da suka wuce, manyan ƙasarsu Jamusanci suke yi. Harshensu na gado ana ganinsa na manoma ne da masu aikin gida, bai isa a rubuta ilimi da shi ba. Sai wasu masu karatu suka tashi suka ce ba su yarda ba, suka shiga rubutu da shi. Ɗaya daga cikinsu, malamin coci ne kuma mawaƙi, ya zauna ya rubuta littafin girki sukutum da harshen nasu. Ya bi ya nemo wa kayan madafi da salon girki sunaye, don mai dafa abinci ta karanta da harshen da uwarta ta yi mata magana. Ta ce har yau ana koya wa yaransu labarinsa a makaranta.

"Ka gaya wa kakanka," in ji ta, "mu 'yan kaɗan ne. Masu ƙarfi da yawa sun mulke mu sun wuce. Abin da ya hana mu narkewa a cikinsu, bakinmu ne da tukunyarmu. Ka ce masa aikin da yake yi, mu mun san sunansa."

Na fassara. Tsoho bai motsa ba. Na zaci sabis ne ya ɗauke, har na fara girgiza waya. Sai na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Habibu."

"Na'am."

"Mutumin nan namiji ne?"

"Namiji ne."

"Mai ilimi?"

"Ai limaminsu ne ma."

"Kar ka kashe."

Sai hoto ya hargitse. Na ga rufin zaure, na ga sama, na ga rassan darbejiya, na ga cikin hancinsa. Mariya ta ce lafiya? Na ce tafiya yake. Can sai na ji muryoyi, na gane ƙofar shago ce, inda ya yi fiye da shekara bai zauna ba.

"Ɗanjuma! Matso nan. Ku ma ku matso. Habibu, maimaita abin da Baturiyar nan ta ce. Da ƙarfi. Kar ka rage ko wasali."

Na maimaita tun daga farko. Alhaji Ɗanjuma ya leƙo da fuskarsa har ta cika wayar.

"To shi wancan ɗin, zane suka saya masa?"

Na tambayi Mariya abin da suka yi masa. Ta ce mutum-mutuminsa na nan tsaye a bakin kasuwar babban birninsu, duk mai sayen kabeji sai ya wuce ta gabansa.

Malam ya ce, "A'a, ni ban da gunki. Ba na so. A dai matsa min in zauna."

Aka matsa masa. Washegari, in ji Baffa Lawan, Alhaji Ɗanjuma ya aiko da sababbin littattafan rubutu shida daga shagonsa, da saƙon cewa uwarsa ma ta iya wani fate da babu mai yin irinsa yanzu, in Hedimasta na da lokaci ya zo ya faɗa masa abin da ya tuna.

Bayan 'yan makonni Mariya ta ƙara min bayani, don ita mace ce mai gaskiya. Ta ce yawancin girke-girken da ke littafin malamin nasu daga littafin Jamusawa ya fassaro su, harshen ne nasa. Na ce yawwa, na samu abin tsokana. Na kira Tsoho na gaya masa.

"Af! Ashe kwafa ya yi? A ajina da ya sha bulala. Ni nawa daga bakin masu shi na ɗauko." Ya gyara tabarau. "Amma ya yi ƙoƙari, bawan Allah. A ba shi shida bisa goma."

Da na dawo na tarar idonsa ya yi rauni, keke ya koma jingine a zaure. Littafi goma sha ɗaya ya cika. Ya sa ni ina karanta masa su da hantsi, yana gyara min gajeren wasali da dogo kamar ina aji uku. Suna hannuna yanzu, ina buga su a kwamfuta, kuma malaman makarantarku sun ce za su riƙa karanta wa yara. Gaudar ma an samo ta, a shafi na tara na littafi na huɗu, daga bakin wata tsohuwa da ta rasu wata biyu bayan ya rubuta.

Bara bayan an gama girbi ya kwanta. Tuwo ya gagara, sai kunu. Ran Laraba da azahar ina zaune a gefensa, Iya Abu ta shigo da kunun tsamiya, ta tallafo kansa tana ba shi da ludayi. Ya kurɓa sau biyu, ya ɗaga hannu.

"Abu."

"Na'am, Malam."

"Na bi ƙauyuka ina yi wa matan mutane godiya. Ke kuwa tun muna da ƙuruciya kike tsugune gaban wuta saboda ni, ban taɓa ce miki sannu ba. Sannu, Abu. Allah ya biya ki."

Ta ce, "Sha kununka kar ya huce. Sai yau da haƙora suka ƙare?" Amma ta juya fuska tana share ido da gefen mayafi.

Ya ƙara kurɓa ɗaya. Ya motsa baki.

"Tsamiyar ta ɗan yi yawa."

Ta fashe da dariya tana kuka, ni ma haka. Shi ma ya yi murmushi. Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa, da kalmar shahada a bakinsa.

Har yau in Iya Abu ta kwashe tuwo, malmala ɗaya takan yi yawa. Sai ta tsaya da mara a hannu, ta daɗe tana kallonta, sannan ta rufe ta a akushinsa ta ce a kai wa Alhaji Ɗanjuma.

Ya Allah, ga bawanka Sa'idu ya zo maka. Ya koyar da 'ya'yan mutane da gaskiya, ya girmama tsofaffin da kowa ya manta, bai taɓa raina abin da ka fitar mana daga ƙasa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka ciyar da shi daga abin da ido bai taɓa gani ba, ka shayar da shi ruwan Alkausara. Ka sanyaya zuciyar tsohuwarsa da ta amininsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.